DAIDAITA AGOGON KWAMFUTA: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Gabatarwa

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa duk lokacin da kwamfuta ko wayar hannu ta nuna, shi ne daidai, ba a yi masa musu. Wannan kuskure ne. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta san lokaci da kanta ba. Ƙidaya kurum take yi, kuma ƙidayar tata takan yi gaba ko ta yi baya, kamar dai agogon bango. In ba a riƙa gwada ta da wani agogon da ya fi ta gaskiya ba, to, yau da gobe sai ta kauce.

An rubuta wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa mai karatu inda lokacin Nijeriya ya samo asali, da dalilin da ya sa agogon kwamfuta ke kaucewa, da yadda masana suka koya mata tambayar lokaci ta wayar tarho, da kuma abin da ya wajaba kowa ya yi a yau. Za mu riƙa kawo misali da garin Damagum, hedkwatar ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe, wanda ke bakin babbar hanya tsakanin Potiskum da Damaturu. Abin da ya shafi Damagum kuwa ya shafi kowane gari a ƙasar nan.

Rana da agogo ba ɗaya ba ne

A zamanin da, rana ce agogon kowa. Da hantsi, da tsakar rana, da azahar, da la'asar, duk da inuwa ake gane su. Wannan ya wadatar muddin harkar mutum ba ta wuce garinsu ba. Amma rana ba ta tsayawa tsaka a garuruwa duka a lokaci guda. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika zagaye guda, watau digiri 360, cikin sa'a 24. Ke nan kowane digiri 15 sa'a guda ne, kowane digiri ɗaya kuma minti 4.

Damagum tana wajen digiri 11 da sulusi gabas da layin Greenwich na Ingila, inda ake fara ƙidaya. Kano tana wajen digiri 8 da rabi, Sakkwato 5 da 'yan kai, Ikko 3 da 'yan kai, Maiduguri kuwa ta ɗan haura 13. Saboda haka rana tana tsayawa tsaka a Damagum kimanin minti 11 kafin Kano, minti 24 kafin Sakkwato, fiye da rabin sa'a kafin Ikko. Maiduguri kuma ta riga Damagum da kimanin minti 7.

Da a ce kowane gari zai riƙe nasa lokacin, da jirgin ƙasa da gidan waya da gidan rediyo ba su yi aiki ba. Don haka ne a shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washinton na Amurka, suka amince a ɗauki layin Greenwich ya zama mafari. A ƙasar nan an sha sauye-sauye. A 1914, shekarar da aka haɗa Arewa da Kudu, an sa agogo rabin sa'a gaba da na Greenwich. Daga ranar 1 ga Satumba, 1919, aka mai da shi sa'a guda cif, kuma a kan haka muke har yau. Nijar da Cadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin duk lokacinmu ɗaya da su. Gana tana bayanmu da sa'a guda, Saudiyya tana gabanmu da sa'a biyu. Nijeriya ba ta sauya agogo saboda rani ko damina, kamar yadda ƙasashen Turai ke yi da bazara da hunturu.

Sa'a guda gaba da Greenwich shi ne lokacin digiri 15, layin da ya ɗan gota iyakarmu ta gabas. Shi ya sa ƙarfe 12 na agogo ba ita ce ainihin tsakar rana ba a Damagum. A tsakiyar watan Fabrairu rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen ƙarfe 12 da rabi, a farkon Nuwamba kuwa tana tsayawa dab da ƙarfe 12, domin tafiyar rana a sama ba ta zama daidai-wa-daida duk shekara.

Akwai amfani babba cikin sanin wannan. Agogo ɗaya ne ga ƙasa duka, amma fitowar alfijir da faɗuwar rana na kowane gari daban ne. Mai azumi a Damagum da ya bi jadawalin Maiduguri zai sha ruwa kafin rana ta faɗi. Wanda ya bi na Kano kuwa zai iya kai wa ga cin sahur bayan alfijir ya keto. A nemi jadawalin gari, sa'an nan a tabbata agogon da za a duba daidai yake.

Ina ne uban agogo yake?

Da masana suka zurfafa bincike, sai suka tarar juyawar duniya ma ba ta da cikakken daidaito. A 1955 wani masani, Louis Essen, ya ƙera agogon atam na farko mai inganci a Ingila. Wannan agogo ba ya dogara da rana ko zare ko lilo. Yana ƙirga kaɗawar da ke fitowa daga ƙwayar wani sinadari da ake kira siziyam. A 1967 aka yi ittifaƙi cewa sakan ɗaya shi ne tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na wannan ƙwaya.

A yau akwai ɗaruruwan irin waɗannan agogo a ƙasashe dabam-dabam. Ofishin awo na duniya da ke Sèvres, kusa da birnin Faris, shi ke tattara ƙidayarsu ya fitar da lokaci guda, wanda ake kira UTC. Shi ne ya gaji abin da masu sauraron rediyo suka sani da agogon GMT. Tun 1972, idan juyawar duniya ta yi nawa, akan ƙara sakan ɗaya domin agogo ya jira rana. An yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba, 2016. A 2022 kuma aka yanke shawarar daina wannan ƙari nan da shekarar 2035.

Lokacin Nijeriya dai shi ne UTC da ƙarin sa'a guda. Tambaya ita ce, yaya wannan lokaci zai taso daga ɗakin masana ya iso teburin akawu a sakatariyar Damagum?

Abin da ke cikin kwamfuta

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanen dutse mai sheƙi, wanda bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Idan aka ba shi lantarki sai ya riƙa rawa, galibi sau 32,768 a sakan guda. Kwamfuta tana ƙirga wannan rawa, duk sa'ad da adadin ya cika sai ta ce sakan ɗaya ya wuce. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, wanda ke ciyar da wannan ƙidaya ko an kashe na'ura ko an ɗauke wuta.

Kwamfutocin farko na ofis ba su da wannan batir. Wadda kamfanin IBM ya fitar a 1981, duk safiya sai ta tambayi mai ita kwanan wata da lokaci. In ya yi ƙyuya ya wuce, sai ta rubuta 1 ga Janairu, 1980, a kan duk aikin ranar. Sai a 1984 kamfanin ya sa agogo mai batir a cikin sabon samfurinsa.

To, amma ba dutsen da rawarsa ta cika daidai. Wani yana ɗan sauri, wani yana ɗan nawa. Kuskuren sakan 2 a rana ba abin mamaki ba ne. A ido ba kome ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika: sakan 2 a rana minti guda ne a wata, minti 12 a shekara. Har wa yau an yanka wannan dutse ne domin ya yi daidai a yanayi mai zafin digiri 25. Idan zafi ya haura haka, ko sanyi ya yi yawa, sai ya rage sauri. A ɗakin da zafi ya kai digiri 45, kamar yadda yakan kusanta a ƙasar Yobe cikin watan Afrilu da Mayu, zafin kaɗai yana iya jawo jinkirin fiye da sakan ɗaya a rana. Batir kuma yakan mutu bayan 'yan shekaru. Ranar da ya mutu, sai kwamfuta ta farka tana nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa.

Tambayar lokaci ta waya

Matambayi ba ya ɓata. Tun kafin kwamfuta, mutane sun saba tambayar lokaci daga nesa. Gidan rediyon BBC ya fara kaɗa ƙararrawar nan mai ƙara shida a kan kowace sa'a a watan Fabrairu na 1924. A 1933 aka buɗe agogo mai magana a Faris, wanda mutum zai buga wa waya ya ji murya tana faɗa masa lokaci, Ingila ta bi sahu a 1936. A ƙasar Hausa rediyo ne ya riƙe wannan aiki. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma da su ne malamin makaranta da direba da ɗan kasuwa suka daɗe suna saita agogon hannunsu.

Kwamfuta ba ta da kunnen sauraron rediyo. Amma akwai wata 'yar na'ura da ake kira modem, wadda ke mai da rubutun kwamfuta ya zama ƙara, ƙarar ta bi wayar tarho, wata modem a can ɗaya ɓangaren ta sake mai da ita rubutu. A 1988 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta buɗe wani sashe a garin Boulder na jihar Kolorado, mai suna ACTS, domin kwamfutoci su riƙa bugo waya suna tambayar lokaci. Ga yadda aikin yake:

Da fari, kwamfuta ta buga lambar, kamar yadda mutum zai buga. Na'urar Boulder, wadda ke haɗe da agogon atam, ta ɗauka. Sa'an nan ta shiga aiko da layin rubutu guda a kowane sakan. A cikin layin akwai shekara da wata da rana, da sa'a da minti da sakan bisa UTC, da gargaɗi idan za a ƙara sakan a ƙarshen watan. A ƙarshen layin akwai alamar tauraro. Isowar wannan alama ita ce ke cewa, yanzu ne lokacin da aka rubuta ya cika.

A nan ne ainihin hikimar take. Saƙo ba ya isowa nan take, yana ɓata ɗan lokaci a hanya. Mu ɗauka wani attajiri a Damagum ya aiki yaronsa a keke zuwa wani gari ya dubo masa agogo. Yaro ya dawo ya ce, ƙarfe 10 ne. Shin ƙarfe 10 ne yanzu? A'a, ƙarfe 10 ne sa'ad da ya duba. Idan attajirin ya lura cewa zuwa da dawowa sun ci sa'a biyu, sai ya raba biyu, ya ce dawowa ta ci sa'a guda, ke nan yanzu ƙarfe 11 ne.

Haka na'urar Boulder ke yi. Idan kwamfutar mai tambaya ta maido mata da alamar tauraron nan da zarar ta iso, sai na'urar ta auna tsawon zuwa da dawowa, ta raba biyu, ta riƙa sako alamar da wuri gwargwadon haka, domin ta sauka daidai kan sakan. Idan awon ya tabbata, sai ta sauya tauraron da wata alama, don mai tambaya ya san an gyara. Da wannan dabara kuskure yakan ragu zuwa 'yan ɓarɓashi cikin dubu na sakan. Kwamfuta ta gyara agogonta, ta ajiye waya, duk cikin ƙasa da minti guda.

Dabarar tana da sharaɗi, watau tsawon zuwa ya yi daidai da na dawowa. Idan yaron nan ya tafi da tailin iska ya dawo yana fama da ita, rabawa biyu ba za ta ba da gaskiya ba. Haka idan saƙo ya tafi ta tauraron ɗan Adam, wanda hawa da saukarsa ke cin kusan rubu'in sakan, ya dawo ta wayar ƙarƙashin teku, lissafi ya ɓaci.

Ga mutumin Nijeriya na wancan zamani, wannan hanya tana da tsada, domin kira ne zuwa ƙasar waje. Kafin wayar salula ta zo a watan Agusta na 2001, layukan tarho na kamfanin NITEL ba su wuce kimanin 400,000 ba ga mutane fiye da miliyan 100, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Saboda haka a gari kamar Damagum, wanda ya sami kwamfuta da hannu yake saita ta, yana duba agogon da ya daidaita da rediyo.

Hanyoyin yau

A 1985 wani malami, David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware, ya fitar da tsarin da ake kira NTP, domin kwamfutoci su tambayi lokaci ta intanet. Dabarar dai ita ce ta ɗan aiken nan: a rubuta lokacin da tambaya ta tashi, da lokacin da ta isa, da lokacin da amsa ta taso, da lokacin da ta iso, sa'an nan a cire jinkirin hanya. Kwamfutocin da ke jingine da agogon atam su ne sahun farko, su ke ba na biyu, na biyu su ba na uku, kamar yadda labari ke saukowa daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa.

Hanya ta biyu ita ce taurarin GPS, waɗanda aka fara harbawa a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Kowane tauraro yana ɗauke da agogon atam, yana watso lokaci ba dare ba rana. Hanya ta uku ita ce turakun kamfanonin waya, waɗanda ke aiko wa wayar hannu lokaci idan an ba ta izinin karɓa.

Duk da haka kada a jefar da tsohuwar hanya. A watan Mayu na 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan salula a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, aka yi makonni babu su. A irin wannan hali waya da kwamfuta sun koma dogaro da ɗan dutsensu, rediyo kuwa yana nan yana faɗin lokaci. Sai dai a lura: rediyon da ake kamawa ta iska ne abin dogara. Shirin da ake saurara ta intanet yakan makara da sakan da yawa.

Me ke ɓaci idan agogo ya kauce?

Na ɗaya, harkar kuɗi. Ɗan kasuwar da ya je kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba, ya biya ko aka biya shi ta waya, hujjarsa ita ce takardar da ke ɗauke da rana da lokaci. Idan aka yi jayayya, lokacin da ke rubuce ne banki zai bi sawu. Lambobin sirri da wasu na'urorin banki ke fitarwa kuma suna sauyawa duk sakan 30 ko 60 bisa agogo. Idan agogon waya ya kauce, sai lambar ta ƙi karɓuwa, mutum ya yi ta zargin banki alhali laifin na hannunsa ne.

Na biyu, shiga intanet. Shafukan banki da na hukumomi suna ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ta ɗauka ana 2010 za ta ƙi yarda da shaidar bana. WhatsApp ma yakan ƙi buɗewa idan kwanan watan waya bai yi daidai ba.

Na uku, aikin hukuma da shari'a. Tun 2015 ɗalibai duka da kwamfuta suke rubuta jarrabawar JAMB. Rajistar haihuwa, da takardun albashi, da bayanan marasa lafiya a asibiti, duk kwamfuta ke buga musu lokaci. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, bisa sharaɗin a nuna na'urar tana aiki yadda ya kamata. Takardar da ke ɗauke da ranar da ba ita ba tana ba abokin shari'a ƙofa.

Abin da za ka yi

1. Ka shiga wurin saita rana da lokaci a wayarka ko kwamfutarka, ka kunna zaɓin da ke sa ta karɓi lokaci da kanta.

2. Ka duba yankin lokaci. Na Nijeriya shi ne UTC+1, wani lokaci da sunan Legas ake nuna shi. Na'urorin da aka shigo da su daga waje sukan zo da yankin wata ƙasa. Kada ka juya sa'a da hannu ka bar yankin yadda yake. Fuskar agogo za ta nuna daidai, amma a ciki lissafin ya karkace, kuma shi ne ke bin saƙonninka.

3. Idan kwamfuta tana mance rana duk sa'ad da aka kashe ta, batirinta ya mutu. Ka kai wa mai gyara ya sauya, kuɗinsa kaɗan ne.

4. Kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, a riƙa gwada ta da rediyo ko da wayar da ke karɓar lokaci da kanta, aƙalla sau ɗaya a mako.

5. A kowane ofis, ko makaranta, ko asibiti, a ɗora wa mutum guda alhakin duba agogon na'urori, kuma duka su sha daga tushe ɗaya. Wannan ya haɗa da kyamarar tsaro da na'urar ɗaukar sunayen ma'aikata.

6. A ajiye kwamfuta inda iska ke shiga, nesa da hasken rana.

7. Kada a mai da kwanan wata baya domin a nuna an yi aiki kafin wa'adi. Wannan ha'inci ne, kuma na'urorin da saƙo ya ratsa suna riƙe da nasu lokacin, wanda zai tona asiri.

Kammalawa

Lokaci ma'auni ne, kamar mudu da sikeli. Yadda ba a yarda kowane ɗan kasuwa ya sassaƙa mudunsa yadda ya ga dama ba, haka bai kamata kowace na'ura ta riƙe nata lokacin ba. Daga Damagum zuwa Ikko, daga Sakkwato zuwa Kalaba, agogon ƙasa ɗaya ne. Mai karatu, idan ka gama da wannan ɗan littafi, ka duba agogon na'urarka yau, sa'an nan ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, domin shi ma ya amfana. Rigakafi ya fi magani.